Angon Bana ya je neman aiki

Kun dai san yadda 2022 ta yi da mu. Ranar 14 ga Fabrairu ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aiki, aka ce na gargaɗi ne na sati huɗu, sai ga mu wata takwas a gida muna cin tuwo muna sauraron labarai. Ana cikin wannan zaman ne aka turo sanarwa a gurup ɗin ajinmu na WhatsApp, wai za a yi baje kolin guraben aiki ta Zoom, kowane kamfani da ɗakinsa, ka shiga ka tallata kanka cikin minti biyar. Na yi rajista, na gyara CV, na buɗe LinkedIn. Na haddace gabatarwa ta daƙiƙa talatin da Turanci, kwana uku ina bitar ta a banɗaki. Kwat na aro wajen maƙwabci. Kwamfuta kuma na aro wajen ɗan Kawu.



Ranar na jingina da bangon ɗakin Umma, don nan ne kaɗai sabis yake kamawa, na ɗora kwamfutar a kan turmi na kife mata tire a ƙasa. A babban zaure mai gabatarwa ya ce kowa ya duba sunan da ke ƙasan hotonsa ya mai da shi cikakken suna da kwas. Ni a lokacin ina fama da lakataye, ban ji ba. Na zaɓi ɗakin wani banki na shiga.

Wata mata ce mai gilashi, ga Turanci kamar a BBC. Mu shida ne a ɗakin. Ta duba allo ta ce, da Turancinta, "Bari mu fara da Angon Bana." Kowa shiru. Ni har da ɗan murmushi, ina jiran in ga wane sakarai ne ya zo neman aikin banki da wannan suna. Ta maimaita. Sai idona ya sauka ƙasan fuskata: "Angon Bana Insha Allah", da hoton zuciya guda biyu.

Da ina da hankali, yadda ta furta sunan nan tsaf, ba gargada, da tun nan na sha jinin jikina.

Na dake na fara karatuna. Na kai daidai inda nake cewa ni mutum ne mai iya aiki ba sai an sa ni ba, sai ga Umma ta ɗaga labule da roba a hannu.

"Kai, tun ɗazu nake kira. Tashi ka kai niƙan nan kafin a ɗauke wuta."

Na kai hannu na danna abin rufe murya. Wato a zatona. Ashe kyamara na kashe, maɓallan biyu suna maƙwabtaka da juna a ƙasan allo ta hagu. Fuskata ta ɓace, muryata kuwa tana tafiya raɗau har Legas.

"Umma, don Allah ki yi haƙuri, aiki nake nema."

"A kan turmina?"

"Minti biyar kawai. Wata mai gilashi ce, da gani masifaffiya ce, bari ta gama surutunta in zo."

"To wannan rigar ta baban su Iya da ka sa fa, ya sani?"

"Ya sani mana. Umma, in na samu aikin nan har Makka zan kai ki."

"Kai dai kai niƙa tukuna."

Ta saki labule. Na gyara zama, na kunna kyamara, na ɗora murmushin da na yi bita. Sai na ga ɗalibai biyu sun sunkuyar da kai kafaɗunsu na rawa. Matar ta zare gilashin a hankali ta ajiye. Ta ce, da Hausar da ta fi tawa daɗi, "Ango, ka gaishe da Umma. Ga shi na cire gilashin. Ci gaba, kana cewa kai ba sai an sa ka aiki ba."

Wallahi na nemi Turancin nan sama ko ƙasa na rasa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Za ta ji, ranki ya daɗe." A Sabon Gari aka haife ta, in ji ta, nan Kano.

Ni fa ban ga laifin Umma ba, gero take so a niƙa. Ɗan Kawu nake riƙe da shi. Mutumin da ya miƙo min kwamfuta yana ja min kunne a kan caja har sau uku, amma bai iya cewa in duba suna ba. Kuma wane ango? Shekara nawa ke nan muna jin bana, bana, ko kuɗin gaisuwa ba a kai ba. Da na faɗa masa abin da ya faru, dariya ya yi har da faɗowa daga benci, sannan ya tambaye ni ko matar tana da aure. Shi ne fa ya ci min dubu biyu tun bikin ƙanwarsa, ya ce canji zai kawo. Yanzu a majalisa ba mai kirana da sunana, shi kuma mai sunan na asali yana yawonsa lafiya lau.

Ta dai ce in tura CV, na tura da yamma. Niƙan kuma ina isa aka ɗauke wuta, sai da na tako har bakin kasuwa wajen mai injin dizal, da kwat ɗin a jikina, don na manta ban cire ba. Har yau akwai gari a aljihun, mai ita bai lura ba tukuna.