Bidiyon koyar da fasaha: ɗan koyo ake mantawa da shi

A farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya sa takardun kuɗi suka yi ɓatan dabo, dole ta sa 'yan kasuwar Wunti da Muda Lawal a Bauchi koyon tura kuɗi ta waya cikin 'yan kwanaki. Da yawansu ba su sami mai nuna musu ba sai yaron maƙwabci ko mai POS, kuma ta haka lambobin sirri suka riƙa faɗawa hannun da bai kamata ba. Haka ɗalibin da ya taso daga ƙauyukan Ningi ko Dass: tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta, shi kuwa wataƙila ranar jarrabawar ce zai fara taɓa ta.

Don haka matasanmu da ke ɗora darussa da Hausa a YouTube da TikTok sun cancanci yabo. Sai dai yawancin darussan, in ka lura, wanda ya riga ya iya ne kaɗai zai bi su. Malamin zai ce "ka shiga nan, ka danna wancan", kafin mai kallo ya gano inda ake nufi, yatsa ya wuce shafi uku. Ba mugunta ba ce. Wanda hannunsa ya saba yakan manta cewa akwai ranar da shi ma bai san inda ake buɗe manhaja ba, bai san cewa kuskuren dannawa ba ya lalata waya ba. Wannan tsoron shi ne babban abin da ke hana dattijo ko matar aure gwadawa, kuma da wuya ka ji darasin da ya fara da kwantar musu da hankali.

Aikin kuma akwai cin rai. Ka ɗauki bidiyo da babbar waya, mai kallo na riƙe da ƙaramar Itel da shafinta ya bambanta. Banki ya sabunta manhajarsa, wahalar sati guda ta tashi a banza. Ga data ta ƙara tsada tun da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 a Janairun 2025, bidiyon minti ashirin ya fi ƙarfin mai sayen data ta kwana ɗaya.

Ina ganin hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, da shirin 3MTT na gwamnatin tarayya mai horar da 'yan ƙasa kan fasaha ya kamata su ware kuɗi su biya masu wannan aiki, da sharaɗi ɗaya: kafin a saki darasi, a miƙa wa wanda bai taɓa yin abin ba waya, a zuba masa ido ba tare da an sa masa baki ba. Duk inda ya tsaya yana waige-waige, a koma a sake ɗaukar wurin.