Wa zai tsare Yankari in maƙwabtansa ba su ga amfaninsa ba?

Duk wanda ya bi hanyar Bauchi zuwa Alkaleri ko ta Ningi a 'yan shekarun nan ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi kamar ana cin kasuwa, kuma masu saye sun fi neman na kirya don ya fi jimawa a wuta, ita kuwa kirya ba irin bishiyar da za ka dasa bana ka sha inuwarta baɗi ba ce. Ni kaina na saya, ba zan yi ƙarya ba, kuɗin gas ya fi ƙarfin aljihu.

Dajin Yankari da ke yankin Alkaleri tun 1956 aka keɓe shi don kare namun daji, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma yana cikin wurare ƙalilan da giwa ta rage a Najeriya. Muna alfahari da shi sosai in ana hira, amma tambayi manomin da ke gefen dajin, wanda giwaye suka shiga gonarsa dare ɗaya suka tattake masa dawar shekara, ka je kana masa lacca kan kare namun daji ka ga irin kallon da zai maka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ya sa nake ganin bindigar masu gadin daji kaɗai ba za ta kai mu ko'ina ba, dajin ya yi girma, su nawa ne? Abin da ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta yi na ɗaukar 'yan ƙauyukan su zama masu sa ido kan giwaye, su sanar da wuri in garke ya doso gonaki, shi ne hanya, sai dai a ƙara da biyan diyya in an yi ɓarna, a kuma ba 'ya'yansu aikin.

Wayar da kai kuma, don Allah a daina yin ta a otal da Turanci ana raba jakunkuna. A kai ta rediyo da Hausa da Fulatanci, a zauna da sarkin baka da arɗo da mai unguwa, limamai su sa ta a huɗuba, ai akwai hadisin da ya ce duk Musulmin da ya dasa bishiya, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Kuma a yi maganar da mutane za su ji a jikinsu, in kaɗanya da ɗorawa suka ƙare ina mata za su samo man kaɗe da daddawa, ina mai amya zai rataya amyarsa? Ungulu ma da ta cika mahauta muna yara, yaushe rabonka da ganinta?

Dashen da Gombe ke yi tun 2019 a shirin Gombe Goes Green abin yabo ne, amma layin dogon yaro a gefen titi ba zai maye gurbin daji irin dajin Kanawa da ke jihar Gombe ba. Ni da za a ji shawarata, kowace firamare a Alkaleri a kai ɗalibanta Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke cikin Yankari, kyauta ko sau ɗaya ne kafin su gama aji 6.