Wata biyar kake saka maɓalli? Ji labarin maharbin Kuwait

Makon jiya wani yaro da ke koyon ɗinki a shagona a Ƙofar Marusa ya zo da safe, ya gaishe ni, ya ce, "Yaya, ni fa na gaji. Wata biyar ina saka maɓalli da guga, har yau ba a bar ni na yanka yadi ba." Ya ajiye almakashi a kan tebur ya fita. Shi ne na uku a bana. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa nake wannan magana da ku, ƙannena matasan Katsina.

Akwai wani mutumin Kuwait, Abdullahi Al-Rashidi, haifaffen 1963. Wasansa harbin faifan yumɓu. Na sani, a jiharmu da an ambaci bindiga sai gaba ya faɗi, domin mun rufe 'yan uwa da yawa, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Wannan kuwa wasa ne a killataccen fili, ko jinin tsuntsu ba a zubarwa. Inji ke cilla faifai mai faɗin santimita 11, kamar murfin ƙaramin kwano, daga ɗakuna biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Maharbi yana tsaye da gindin bindiga a kwankwaso, ba shi da izinin kai ta kafaɗa sai faifan ya fito, kuma bayan ya yi kira a sako faifan ana iya jinkirta masa har daƙiƙa 3. Faifai 125 ake harbi kafin zagayen ƙarshe, kuskuren kaɗan daga ciki ya isa ya mayar da mutum gida.

Al-Rashidi ya zama zakaran duniya sau uku: 1995, 1997 da 1998. Amma gasar Olamfik ta ƙi shi. Ya je Atalanta a 1996, ya je Sidni, Atens, Beijin, ya je Landan a 2012, duk ya dawo hannu rabbana. Zuwa biyar, kowane sai an jira shekara huɗu. Ku ɗan tsaya a nan. Mutumin da duniya ta riga ta sallama wa, furfura ta fara fito masa, sa'o'insa sun bar fili, shi kuwa bai rataye bindigarsa ba. Sai a Riyo ta ƙasar Burazil, a 2016, yana da shekara 52, ya samu lambar tagulla, wato ya zo na uku. A lokacin ma an dakatar da Kuwait daga gasar, babu tutar ƙasarsa, rigar Arsenal ce a jikinsa. A Tokiyo a 2021 ya ƙara tagulla yana da 57, wannan karon da tutar Kuwait. A 2023, a gasar nahiyar Asiya a Sin, yana da shekara 60, aka cilla masa faifai 60 a zagayen ƙarshe, ya fasa su duka.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ɗagawar nan daga kwankwaso zuwa kafaɗa. Ba hazaƙa ke yin ta ba, maimaici ne, sau dubbai, har hannu ya san hanyarsa da kansa. Saka maɓalli ma haka yake. Yatsun da ba su saba da allura ba, in aka miƙa musu shaddar ango za su ɓata ta, kuma ni zan biya.

Ba na raina wahalarku. Kuwait ƙasar mai ce, ku kuwa wani da ƙyar yake samun na koko da ƙosai, ga gida ana jiransa. Akwai kuma iyayen gida marasa tsoron Allah da ke mayar da ɗan koyo ɗan aike shekara da shekaru. Irin wannan in ka bar shi ba ka yi laifi ba. Amma wanda ya faɗi JAMB sau ɗaya ya yaga littattafansa, da wanda ya bar gareji don bai fara kwance inji a wata uku ba, ku ji tsoron Allah game da kanku. Kun bar sana'a kun koma bakin titi, waya a hannu, kuna lissafin kuɗin wasu.

Kai kuma ƙanena, in wannan ya iso ka, almakashinka yana nan inda ka ajiye shi. Na ware yadi biyar na wata farar shadda mai sauƙin kuɗi. Ka zo ranar Litinin bayan sallar asuba, zan nuna maka yadda ake fitar da wuya.