Idan fasto mawaƙi ya rasu, a fara da waƙoƙinsa kafin anko

A birnin Duram da ke arewa maso gabashin Ingila, yankin da nake zaune, akwai kabarin Rabaran John Bacchus Dykes a maƙabartar cocin St Oswald. An haife shi a Hul a 1823, ya fara kaɗa ogan tun yana yaro, ya zama jagoran waƙa na babban cocin Duram a 1849, sannan limamin St Oswald daga 1862 har rasuwarsa a 1876. Ya tsara karin waƙa kusan 300. Duk wanda ya taɓa rera waƙar Triniti mai maimaita "Mai Tsarki" a cocin ECWA, COCIN, EYN ko Angilikan ya rera karinsa, wanda aka buga a 1861 aka raɗa masa suna Nicaea, don tunawa da taron majalisar ikilisiya na shekarar 325.

Abin da ya raya aikin mutumin nan shekara 150 bayan mutuwarsa tsari ne, kuma tsarin ba shi da wuya. A littattafan waƙoƙin Ingila kowane kari yana da sunansa daban da na baitocin. A saman shafi za ka ga wanda ya rubuta kalmomi, wanda ya tsara kari, shekarunsu, da lissafin gaɓoɓin kowane layi. Na Nicaea 11.12.12.10 ne. Muryoyi huɗun nan, sofrano, alto, teno da bas, duk a rubuce suke.

A gida Najeriya kuwa, fasto zai yi shekara arba'in yana koyar da ƙungiyar mawaƙa, yana tsara wa zumuntar mata waƙoƙin da ake rerawa daga Kagoro har Mubi. Ranar jana'izarsa a yi anko, a buga kalanda, a cika takardar shirin sujada da tarihin makarantun da ya yi da ikilisiyoyin da ya riƙe. Waƙoƙin fa? Layi ɗaya: ya kasance mai son waƙa. Bayan shekara biyar ana rera su a ko'ina, babu wanda ya san mai su. Wannan abin yana ci mini rai, domin ta fuskar rera waƙa mun fi mutanen Ingila nesa ba kusa ba. A nan Ingila coci da yawa kujeru ne suka fi mutane yawa. Mu muna da bakunan, ajiyar ce ba mu da ita.

Kuma waƙarmu ta fi tasu saurin lalacewa. Hausa tana da karin sauti da tsawon gaɓa: ja wasalin farko na "gari", ka tashi daga birni ka koma garin tuwo. Mai tsara waƙa da ya san aikinsa yana ɗora doguwar gaɓa a kan dogon sauti, ya bar kari ya bi hawa da saukar magana. Waƙoƙin fassara sukan yi tuntuɓe a nan. Kalmar Turancin da Dykes ya yi wa kari, wato "Holy", gaɓa biyu ce, "Mai Tsarki" kuwa uku, dole a matse ko a rage. Wanda ya tsara tasa da Hausa tun daga tushe ya tsallake wannan matsala, amma da zarar matashin mai kibod ya ƙara mata sauri ya ɗora mata kiɗan da ke cikin na'ura, dogayen gaɓoɓin sun gajarce, ma'ana ta dushe.

Saboda haka aikin ajiye waƙoƙin na makonnin farko ne bayan rasuwar faston, tun mutane ba su watse ba. A nemo tsofaffin mawaƙan da suka koya daga bakinsa, musamman masu alto da teno, domin muryoyin tsakiya ne ke fara ɓata. Kowa yana riƙe da sofrano. A kashe janareta da fanka. A ajiye waya a kan tebur kamar taku biyu daga masu rerawa, kada a riƙe ta a hannu. Kafin kowace waƙa wani ya faɗi sunanta, wanda ya tsara ta, da lokacin da aka fara rera ta. A ɗauki kowace murya ita kaɗai, sannan duka tare, sannan a sake da ganga da tulu da kacau-kacau. In aka fara da kiɗa, ganga za ta danne kalmomin.

Kada a tura ta WhatsApp a matsayin saƙon murya, yana matse sauti. A tura fayil ɗin yadda yake. Sauti marar matsi yana cin kusan megabait 10 a minti ɗaya, don haka katin gigabait 16 zai ɗauki sama da awa 24.

Daga nan sai rubutu. Wanda ya iya sol-fa, wato rubuta kari da sunayen sautuka do re mi, ya rubuta d r m f s l t na kowace murya, ya nuna inda "do" ya zauna, ya ƙirga bugu nawa ne a minti, ya lissafa gaɓoɓin layi. A karanta wa tsofaffin su gyara, domin mai rubutu yakan miƙar da lanƙwasar da bai saba ji ba ba tare da ya sani ba. Tsofaffin kaset kuma kada a jefa su cikin rediyon da ta daɗe a ajiye, za ta tauna zaren. Littattafansa na hannu a ɗauki hoton kowane shafi kafin gara ta riga mu.

A yi kwafi uku: ɗaya wurin iyali, ɗaya a ofishin gundumar ikilisiya, ɗaya a ɗakin karatu na makarantar tauhidi irin TCNN da ke Bukuru. A kowane shafi a rubuta cikakken sunansa da shekarar haihuwa da ta rasuwa, kuma a nemi izinin matarsa da 'ya'yansa a rubuce kafin wani ya ɗora waƙoƙin a YouTube.