Dala 25 don a nuna maka tallan aiki

Ranar Asabar autarmu ta zo gidana a Unguwar Rogo da kwamfutarta a jaka. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Yaya, don Allah ka ara min katinka na dala." Bara ta gama bautar ƙasa, takardar digirinta ta Jami'ar Jos tana kwance a ƙasan akwati. Wai ta samu wani shafi da ke tara ayyukan da ake yi daga gida, sun ce babu ɗan damfara ko ɗaya a cikinsu, amma sai ka biya dala 25 duk wata kafin su buɗe maka. Ƙawarta ce ta turo mata, ita kuma ƙawar a TikTok ta gani.

Na ce ta zauna a kawo mata shayi tukuna, don ranar sanyin Jos ba ya wasa. Sannan muka yi lissafi. Dala 25 a kan naira 1,500 ta kama 37,500. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Wato fiye da rabin abin da wani magidanci zai riƙe gida da shi wata guda, kuma ba aiki za a ba ki ba, talla za a nuna miki.

Ba daga sama nake magana ba. Ni ma na taɓa biyan irin wannan shafin a 2023, lokacin da naira ta fara gangarowa. Wata ɗaya na yi niyya, na manta ban soke ba, sai alat kawai na gani sun sake cira, suka kuma sake. Wata uku, ko intabiyu ɗaya ban samu ba. Ba zan ce sun cuce ni ba, abin da suka ce za su sayar min shi suka sayar. Ni ne na yi cinikin biri a sama.

Shafin da autarmu ta kawo yana barin mutum ya ga sunan aikin da wurin da ake nema kafin ya biya, sunan kamfanin ne da hanyar turawa suke rufewa. Sai na ce mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai amsa wa kwastomomi ta waya, daga gida, mazauna Amurka kaɗai. Mai shigar da bayanai, daga gida, mazauna Amurka da Kanada. Wani ma bai tsaya ga ƙasa ba, jihohi ya lissafo, Texas da Florida da wasu biyu. Mun buɗe ashirin da wani abu, biyu ne suka ce ko'ina a duniya, kuma duka biyun ƙwararren mai haɗa manhaja suke nema mai shekaru a cikin aikin. Shayinta ya huce ba ta sha ba.

Nan ne mutanenmu ke ruɗewa, kuma masu bidiyon "samu dala daga ɗakinka" ba sa faɗa. Idan Bature ya rubuta aiki daga gida, sau da yawa gidan da yake nufi yana ƙasarsa. Ba lallai ƙiyayya ba ce. Kamfanin da ya ɗauke ka cikakken ma'aikaci dole ya bi dokar haraji da fansho da inshora ta ƙasar da kake zaune. In ba shi da rajista a Najeriya, ko dai ya ɗauke ka ɗan kwangila, ko ya bi ta hannun kamfanoni irin su Deel da Remote waɗanda ke ɗaukar ma'aikaci a madadinsa, su kuma suna cajinsa kan kowane mutum duk wata. Ƙaramin kamfani sai ya ga wahalar ta yi yawa, ya rubuta mazauna Amurka kaɗai ya huta. Kuɗin da ka biya shafin ba zai goge wannan layin ba.

Ga kuma agogo. Ƙarfe tara na safe a New York, a Jos biyu ce ko uku na rana, gwargwadon lokacin shekara. Idan kamfanin a California yake, za ka fara biyar ko shida na yamma, ka tashi ɗaya ko biyu na dare, daidai lokacin da in an ɗauke wuta ba ka da bakin tada janareta saboda maƙwabta. Shi ya sa nake ce wa yara su fi sa ido kan Turai. Tsakaninmu da Ingila ko Jamus awa ɗaya ce, wani lokacin ma agogonmu ɗaya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, a wannan kasuwar akwai wanda ya riga ya biya. A shafukan tallan aiki na We Work Remotely da Remote OK kamfanin da ke neman ma'aikaci ne yake biyan kuɗin sa talla, kai kallo kake yi kyauta. LinkedIn ma ba sai ka biya za ka nemi aiki ba, haka Jobberman na nan gida. Da yawa daga tallan da shafukan kuɗi ke rufewa kuma, in ka san sunan kamfanin, suna nan a shafinsa a buɗe.

Gaskiya ɗaya dai zan ba su: suna tacewa. Duk wanda ya shiga guruf ɗin WhatsApp ko Telegram na neman aiki ya san sharar da ke ciki, danna wa bidiyo alamar so a biya ka, turo dubu goma kuɗin fom, sa kuɗi kaɗan ka cire da yawa. Wanda ya riga ya ƙware, yana da aiki a hannu, lokacinsa ya fi dala 25 tsada, in ya biya wata ɗaya don a tace masa ban ga laifinsa ba. Ya dai leƙa tukuna ya ƙirga tallan da suka yarda da mazaunin Najeriya, kuma ya soke biyan tun ranar farko kada ya zama ni. Upwork kuwa, shafin neman aikin kwangila, wata hanya ce daban, can ma ana sayen abin da suke kira Connects kafin a nemi kwangila, amma kwangila ce, ba a cika damuwa da inda kake kwana ba.

Ni aikin da nake yi yanzu, fassara da rubuta maganar Hausa daga sauti, ba a kowane shafin kuɗi na same shi ba. Wani ne da muka taɓa yin ɗan aiki tare ya ba da sunana da aka tambaye shi wa ya sani. Kuma wannan ne fagen da ɗan Texas ba zai ja da mu ba. Amma yaranmu sai su ɓoye Hausar a CV kamar abin kunya, su je suna gogayya da dubban mutane kan aikin shigar da bayanai.

Na ce wa autarmu kuɗin nan data ya fi cancanta da su, tunda hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 kan kuɗin kira da data a farkon 2025 kowa ya ji a jikinsa. Ta buɗe Payoneer, asusun karɓar kuɗi daga ƙasar waje, tun yanzu don kada aiki ya zo a rasa ta inda za a biya ta. Ta riƙa leƙa nHub, cibiyar masu harkar fasahar zamani da ke nan Jos, ta ga mutanen da ke wannan harka ido da ido, ta kuma duba shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani da gwamnati ta fara a 2023, wanda ba a biyan ko sisi.

Ta ce, "Yaya, kai dai ka ce rowa za ka yi min." Na tura mata kuɗin datar wata biyu a gabanta, ta ce duk da haka bai kai dala 25 ba. Jiya da daddare ta turo min hoton wani talla daga wani kamfani a Jamus da ke neman mai jin Hausa da Turanci, tana tambaya ko ta rubuta ta iya Fulatanci ma, alhali gaisuwa kaɗai ta iya.