Babin ruwa da muka haddace, da kogunan da muke ɓatawa

Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure, a Bauchi ko Gombe, ya san cewa karatun fiƙihu da tsarki yake farawa, tsarki kuma da ruwa. Tun yaro bai balaga ba ya haddace cewa ruwa mai tsarkakewa shi ne wanda launinsa bai jirkita ba, ko ɗanɗanonsa, ko ƙanshinsa. Abin da yake damuna shi ne wannan karatu ya tsaya mana a buta da randa. Bai kai bakin kogi ba, alhali daga can ruwan yake zuwa.

Manyan koguna biyu ne suka ɗauki jihohin nan, kuma duk daga tsaunukan yankin Jos suke gangarowa. Gongola yana ratsa Bauchi ya nufi arewa maso gabas, sai ya yi kwana a wajejen Nafaɗa ya miƙe kudu, ya wuce Dadin Kowa, ya karɓi ruwan Hawul, ya je ya zuba a Binuwai a Numan. Daga nan sai kogin Neja, sai teku. Kogin Jama'are kuwa, wanda a can sama ake kira Bunga, bai taɓa ganin teku ba. Yana bi ta ƙasar Katagum ya shiga fadamun Haɗeja da Nguru, ya haɗu da kogin Haɗeja su zama Komadugu Yobe, su ƙare a Tafkin Chadi. Ruwan sama guda zai sauka a kan tudu ɗaya, rabi ya tafi Tekun Atlantika, rabi ya tafi Borno. Wannan kaɗai ya isa aya ga mai tunani.

Tarihin addininmu ma a bakin waɗannan koguna aka kafa shi. Buba Yero, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kusa da Gongola ya kafa Gombe Abba, kafin a mayar da fadar zuwa Nafaɗa a 1913, sannan Gombe ta yanzu a 1919. Malam Zaki a bakin kogin Jama'are ya kafa Katagum. Dutsen Bima, wanda masu jiran Mahadi suka daɗe suna girmamawa, yana kallon Gongola. A Bormi, cikin wannan kwari, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada ranar 27 ga Yuli, 1903, yana kan hanyar hijira zuwa gabas. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, suka sauka a bakin kogin Nilu, garin kuma yana nan da sunansa. 'Yan uwanmu Kirista na Tangale da Waja da Tafawa Ɓalewa su ma sun san darajar ruwa, tunda a kogin Urdun aka yi wa Yesu baftisma. Babu wani ɓangare a cikinmu da zai ce addininsa bai gaya masa komai game da kogi ba.

To, a je bakin Gongola da rani a gani. Ruwa ya ja baya ya bar rairayi, tifofi sun shiga har tsakiya suna lodin yashi, suna barin ramukan da yara za su faɗa idan damina ta dawo. Ga mai lambu ya gama feshin tumatir, ya tsuguna yana ɗauraye tankin maganin a cikin kogi. Taku kaɗan a ƙasa da shi, yarinya tana cika jarka za ta kai gida a sha. Akwai kuma masuntan da suka bar taru da koma, suka koma zuba guba, kifi ya taso ciki sama, babba da ƙarami, a kwashe a kai kasuwa. Yawancin waɗannan mutane ba sa wasa da salla. Da ladan ya kira za su yi alwala da ruwan nan, kuma ba za su ji a ransu cewa sun yi wani zunubi ba, domin ba a taɓa gaya musu cewa zunubi ne ba.

Alhali nassi a fili yake. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana bahaya a mashaya da kan hanya da inuwa, ya kira su abubuwan da ke jawo tsinuwa. Ya hana fitsari a ruwan da ba ya gudu. An ruwaito cewa ya hana almubazzaranci da ruwan alwala ko da mutum yana bakin kogi mai gudana. A 2021 Bauchi tana cikin jihohin da cutar amai da gudawa ta fi yi wa ɓarna a Najeriya. Huɗuba nawa aka yi a lokacin da ta haɗa annobar da wancan hadisi na mashaya?

Wani zai ce wannan aikin gwamnati ne, ba na liman ba. Da gaskiyarsa ta wani gefen. Mutumin ƙauyen da ba shi da masai, ba shi da rijiyar burtsatse, wa'azi kaɗai ba zai gina masa ba, kuma ba liman ne zai kama direban tifa ba. Amma jami'in muhalli sau nawa yake zuwa ƙauyen bakin kogi a shekara? Liman kuwa sau biyar yake tsayawa gaban mutanen a rana. Ga kuma sarakunan ruwa, waɗanda a da su ne masu cewa yau a shiga su, gobe kada a shiga. An bar su da rawani babu iko.

Inda na fi so a tsaya shi ne rabon ruwa, domin a nan rigima take, kuma a nan shari'a ta yi bayani dalla-dalla. Hadisi ya ce mutane abokan tarayya ne a abu uku: ruwa da ciyawa da wuta. A ƙorafin ban ruwa na Madina an yanke cewa na sama ya shayar da gonarsa har ruwa ya kai idon sawu, sannan ya saki ga na ƙasa. Na sama yana da haƙƙin fara sha, amma ba shi da haƙƙin riƙewa. Manomin fadama da ya toshe burtali ya hana shanu isa mashaya ya saɓa wa wannan hukunci, kamar yadda makiyayin da ya kora garke cikin albasar mutane ya saɓa.

Da wannan ma'auni ya kamata a duba madatsunmu. Dadin Kowa an gama ta tun 1984, amma an shafe fiye da shekara 30 kafin injinan wutarta na megawat 40 su fara aiki, kuma mutanen da ke ƙasa da ita, har zuwa Kiri da Numan, rayuwarsu ta rataya ne a kan yadda ake buɗe ƙofofinta da rufe su. Kafin Zaki kuwa, a kan kogin Jama'are, an daɗe ana farawa ana tsayawa. Mutanen Bauchi suna son ta, kuma ina ganin suna da hujja, domin noman rani zai ɗauke matasa da yawa daga zaman banza. Sai dai mutanen Yobe da Borno sun ga abin da ya faru bayan an gina Tiga a 1974 da Challawa a 1992 a kan ruwan Haɗeja: ambaliyar da take ciyar da fadamun Nguru ta ragu, ciyawar kachalla ta cike hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa suka shiga wahala. Jama'are ne babban kogin da ya rage musu ba a datse ba. Tsoronsu ba hassada ba ce.

Ra'ayina shi ne idan za a gina Kafin Zaki, a fara da rubuta adadin ruwan da za a riƙa saki wa na ƙasa kowace damina, da lokacin sakinsa, jihohin da abin ya shafa su sa hannu kafin a zuba siminti. A teburin kuma a ajiye kujera ga masarautun Katagum da Haɗeja da Bade, da malamansu, da sarakunan ruwan da suka san inda kifi yake ƙwai.