Wa ke riƙe da kyamarar?

Wani labari da na karanta ya ce fim zai iya wanke ƙyamar da ake wa mai hijabi a Turai. Na yarda, amma muddin wanda bai san mu ba ne ke riƙe da kyamara, kullum mace mai kuka a ƙuryar ɗaki za a nuna. A zo asibitin koyarwa na Ɗanfodiyo nan Sakkwato, a ɗauki likita da hijabinta har gwiwa tana zagayen marasa lafiya, ɗalibai maza na biye da ita. Malamin da ya ce ƙyamar hijabi matsalar Faransa ce kaɗai, to a Legas ma sai da Kotun Ƙoli ta tsoma baki a 2022 kan hijabin ɗalibai. Kuma 'yan fim ɗinmu, yaushe duniya za ta ga Nana Asma'u da 'Yan Taru, ƙungiyarta ta koyar da mata, a majigi?